Babban Yatsan Baba Sammani

"Ɗauke tawadar nan daga gabana," in ji Baba Sammani.

Ɗanladi, maƙwabcinsa da ke tallafe da shi a zaure, ya ji yadda ciwo ya fito da ƙasusuwan bayan tsohon. Lukmanu, ɗan Baban, yana tsugune da takarda. Wani mai injin casa a Kura ke son gonar shinkafarsu ta bakin kanal ɗin ban ruwa, dangwalen yatsa kawai ya rage. Lukmanu kuwa irin 'ya'yan nan ne da ke auna gado tun uba na tari.

"Baba, ko fartanya ba ka iya riƙewa yanzu."

"Yau nawa ga watan Bature?"

"Sha biyar ga Agusta."

Tsohon ya yi murmushi. "Shekara sittin ke nan cif. Ina soja a ƙasar Boma lokacin yaƙin duniya na biyu, ina gadin fursunonin Japan, aka ce ƙasarsu ta miƙa wuya. Duk suka sunkuyar da kai, sai mutum ɗaya ya miƙe yana kuka yana dariya. Ashe ɗan Koriya ne, dole aka yi masa ya shiga yaƙin. Ta bakin tafinta ya ce shekara talatin da biyar Japan na danne da su. An kwashe shinkafarsu, an hana su yarensu, shi kansa sunansa an canja. Ya bugi ƙirji ya faɗi na gaskiyar, Pak. Na ji a rediyo har yau suna bikin ranar, suna ce mata dawowar haske."

"To mu ina ruwanmu da Koriya, Baba?"

"Gonar uban mutumin nan da takarda aka cinye ta. Tawa ba za a ci ba ina numfashi." Ya juyo. "Ɗanladi, kai ni gona."

Ɗanladi ya so ya ce jikin ba zai ɗauka ba, amma kunya ta hana shi, kuma a ransa yana bayan tsohon. Ya aro amalanke, ya shimfiɗa tabarma, ya tura shi ta gefen kanal, Lukmanu na biye da takardarsa.

Shinkafar ta yi kore shar. Baba Sammani ya sa aka sauke shi a kan kunyar gonar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya danna babban yatsansa cikin laka har gaɓa.

"Ga dangwalen. Zo ka ɗauka ka kai masa."

Lukmanu ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ɗanladi ne ya yi wankan, hawaye na zubo masa, ya sha fama kafin lakar ta fita daga ƙarƙashin farcen. Ya san da wuya gonar ta kai baɗi a hannun Lukmanu, amma mai ita dai bai bayar ba.

Da aka dawo daga maƙabarta sai ya bi ta gonar. An ɗan yi yayyafi. Gurbin yatsan yana nan a kan kunya, ya cika da ruwa.