Ƙauyen Kwali

Tun da damina ta ja baya Inna Tambaya take maganar komawa gida, 'yarta Wasila kuwa har bakinta ya gaji da rarrashi. Gidan da Inna take nufi yana wani ƙaramin ƙauye can bayan Kekun Waje ta wajen Bungudu, inda rashin tsaro ya watsa su, kowa ya kama gabansa. Wasila ta ɗauko ta ta ajiye a ɗakinta na haya a unguwar Damba a Gusau, ga katifa ga fanka, amma hankalin tsohuwa kullum yana kan hanyar Bungudu. Wasila tsoro take ji, don ta san wanda ya nufi ƙauyen nan yanzu sai dai a bi shi da addu'a.

Ana cikin haka wasu 'yan kasuwa suka sauka Gusau da abin kallo na ɗan lokaci. Akwai wani fim mai dogon zango da ake nunawa a talabijin, labarin mutanen ƙauye, wanda Inna ba ta yarda ya wuce ta. To ƙauyen fim ɗin suka kwaikwaya a wani fili, da zaure da rumbu da turmi, har da rijiya. Ka biya ka shiga, ka yi hoto, ka fito. Bayan salla su naɗe kayansu su ƙara gaba.

Maƙwabciyar Wasila, Husna, mai sarin tumatir daga Tsafe, ta ce ita ba za ta ba da kuɗin cefane don ta ga turmi ba, nata yana nan bayan ƙofa. Wasila ta san gaskiya ta faɗa. Sai dai ta yi tunanin ƙila idan Inna ta ga rumbu ta taɓa taɓarya, kewar ta lafa, ta haƙura ta zauna. Ta rufe ido ta biya kuɗin mutum biyu.

Rana ta take, layi ya miƙe. 'Yan mata sun sha kwalliya, sun rungume taɓarya suna yi wa waya murmushi, su da ko barkono ba su taɓa dakawa ba. Inna ta dafa rumbun, sai ya yi tangaɗi, ashe kwali ne aka shafa wa jan fenti. Ta janye hannunta. Rijiyar kuwa ko kaza ta faɗa za ta fito da kanta.

Suka iso ƙofar gidan wata dattijuwa da Inna ta fi so a fim ɗin. Mutane suna ta kutsawa da takalmansu. Inna ta tsaya, ta tuɓe silifas ɗinta ta riƙe a hannu, ta gyara mayafi.

"Salamu alaikum."

Ba abin da ake ji sai ƙarar janareta. Ta jira, ta sake yin sallama.

Matar da ke tsaron ƙofa ta ce, "Hajiya, ku shige mana, akwai mutane bayanku."

Inna ta ce, "Ba a amsa ba."

Wasila ta matso kusa da kunnenta. "Inna, ba kowa ciki. Na kallo ne kawai."

"To in ba kowa, mi za ni yi cikin gidan mutane?"

Na baya suka fara tsaki, wata ta ƙyalƙyale da dariya. Wasila ta san halin uwarta: in ta yi sallama ta uku ba a amsa ba, juyawa za ta yi, ko da wa take tare. Ga kuɗi sun tafi, ga abin da aka zo dominsa bai samu ba. Sai ta zame, ta zaga ta ƙofar fita da sauri, ta tsaya daga ciki tana haki.

"Salamu alaikum," in ji Inna.

"Amin, wa alaikumus salam. Ku shigo."

Inna ta ɗaga labule ta shiga. Babu ɗaki, babu tsakar gida. Katakai ne aka tokare bangon da su, sai tamfol, sai ledojin ruwa a zube, sai 'yarta tsaye tana zufa. Ta daɗe tana kallonta. Kunya da tausayi suka kama Wasila, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Sannu da ƙoƙari, ɗiyata," Inna ta ce a hankali. "Na ji muryarki tun daga waje."

"Don ki ji daɗi ne, Inna."

"Na sani." Ta sunkuya ta sa silifas ɗinta. "Kin gani, namu ma haka yake yanzu. Wanda duk ya koma ya yi sallama, ba mai amsa mishi, sai shi juya. Da haka gari ka mutuwa. Gara in wani ya zo shi iske ni ciki. Gobe ki kai ni tashar Bungudu."

A da cewa take tana son tafiya, yau kuwa har ta sa ranar tafiya. Mai tsaron ƙofa ta leƙo ta ce lokacinsu ya cika, su ba na baya wuri. Wasila ta kama hannun uwarta suka bi ta gefen janareta suka fita. Da kuɗinta ta sayo wannan magana, kuma babu wanda za ta mayar wa.