Ƙarin Shekara Biyar

…kuma maganar da za ta faɗa ba ƙarya ba ce, abin da ke cin ta ke nan. Da ƙarya ce da ta san yadda za ta yi da ita. Kamfani ashirin da shida ne a ƙungiyar masu haƙo mai, ita ce bakinsu, kuma sha tara daga ciki ba za su ga ƙarshen baɗi ba idan dokar nan ta wuce yadda take. Ita ta zagaya rijiyoyin da ƙafarta. A daina ƙona iskar gas cikin wata goma sha takwas? Da wane bututu? Da wane inji? Injin da sai an yi odarsa a zauna jiran shekara biyu kafin ya sauka daga jirgin ruwa?

Bencin nan sanyi gare shi. Ƙofar ɗakin kwamitin majalisa a rufe, amma ana jiyo muryar wani likita daga ciki, yana karanto adadin yaran da ke kwana da tari. Daga shi sai ita. Goma da kwata. Ta gyara riƙon fayil ɗin jawabinta.

Shekara biyar. Abin da aka aiko ta roƙo ke nan, a ƙara musu wa'adi.

"Injiniya, ke dai ki riƙe maganar ma'aikata." Shugaban ƙungiya ke nan jiya, yana ɓare lemo a kan teburinsa, ko ɗago kai bai yi ba. "Ma'aikata, ma'aikata. Kar ki yarda su ja ki zuwa maganar hayaƙi. Shafi na tara kuma a cire shi, ba wurinsa ba ne."

Ba wurinsa ba ne… to ina ne wurinsa? Shafin da ya nuna cewa manyan kamfanoni uku su ke ƙona kashi bakwai cikin goma na iskar. Su da injinansu ke jibge a sito, ko ledar jikinsu ba a yage ba — ta gani da idonta, har ta shafa ɗaya, ƙura ta biyo yatsunta. Su in sun ga dama shekara guda ta ishe su. Amma ba su za a nuna wa kwamiti ba. Ƙananan za a tura gaba, masu rijiya biyu, masu rijiya uku, manyan su laɓe a bayansu. Ta cire shafin. Da hannunta ta cire. Ba wanda ya riƙe mata wuya.

Auta. Tun bakwai na safe ya bugo waya, ana jin ƙarar injin walda a bayansa. "Yaya, an ce yau ke za ki tsaya mana. Duk mun sani a nan, har oga ya ce a yi miki addu'a." Ƙaninta, mai walda a kamfanin da ke da rijiya biyu rak. 'Ya'ya uku, matar da tsohon ciki. Shekara nawa ya yi yana yawo da takardu a leda kafin ya samu aikin nan? Huɗu? Ita ta san yadda ya koma a lokacin, mutum ya zauna a ƙofar gida yana kallon ƙasa, a gaishe shi ya kasa amsawa. A sake mai da shi can? Ita? Da bakinta?

Shi ne kuma mai cewa unguwarsu ce kaɗai zakara bai san asuba ba, saboda wutar rijiya ta rikita shi, yana cara lokacin da ya ga dama. Kowa ya yi dariya. Mama ma ta yi, dariyar ta juye ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, sai da aka kawo ruwa, sai da aka dafa mata baya…

Mama na kwashe shanya. Farin mayafi, an wanke shi da safe, kafin la'asar ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ta kakkaɓe, ta dubi harshen wutar can bayan katanga, ta dube ta. "Ke da kika yi karatun abin, wai ba a iya kashe ta ne?" Ana iyawa, Mama. "To?" Shi ke nan. To. Ba faɗa, ba gori. Ta naɗe mayafinta ta shige ɗaki. Wata takwas ke nan, kuma wannan "to" ɗin bai bar kunnenta ba.

A'a. Ba yanzu ba. Ta maida hankali. Sakin layi na farko: ma'aikata dubu huɗu da ɗari biyu. Na biyu: harajin da ke gina makarantu. Duk gaskiya ne. A ɗauki kowane layi a ɗaga shi a rana, ba za a ga rami ba. To me ya sa hankalinta ya ƙi kwanciya?

Wata dattijuwa a bencin da ke fuskantarta, ta rungume jakar leda, takardun asibiti sun leƙo ta baki. Tun ɗazu take kallonta. Ta gane ta ne? Ta gan ta a talabijin?

"'Yata, ke ma shaida kika zo bayarwa?"

"E, Baba."

"Allah ya ba mu sa'a."

Mu. Ta ce amin. Wallahi ta ce amin, kuma ba ta san wa ta yi wa ba.

Ƙofa ta buɗe, likitan ya fito yana goge tabarau. Akawun kwamiti ya leƙo: "Wakiliyar ƙungiyar masu haƙo mai." Ta tashi ta shiga. Dogon tebur, mutum tara, kwalaben ruwa, 'yan jarida a jikin bango. Ta zauna. Ta buɗe fayil, ya buɗe a shafin ƙarshe, idonta ya sauka a kan layin rufewa, wanda ta fi alfahari da shi: *Muna tabbatar wa wannan kwamiti cewa wannan ne ƙari na ƙarshe da za mu nema.*

Dakata. Ina ta san wannan layin? Bai ba ta wahala ba da ta zo rubuta shi, ya zubo ne kamar karatun da aka haddace…

Wannan ɗakin. Wannan teburin. Shekara shida da suka wuce, tana ƙaramar ma'aikaciya a kujerar baya, tsohon sakataren ƙungiya yana karanta jawabin da ta rubuta masa, tana motsa leɓe tare da shi, tana jin daɗi. Kalma da kalma. Ko waƙafi bai canza ba. Kuma ta yarda da shi a ranar — da zuciya ɗaya ta yarda.

Jar fitilar makirfo ta kama. Shugaban kwamiti ya dubi agogo, ya dube ta.

"Muna sauraron ki, Injiniya. Shekara nawa kuke so wannan karon?"

Ta buɗe baki. Idonta na kan layin rufewar.