Dajin Bayan Batagarawa

Malam Dabo masassaƙi ne a Ƙofar Kwaya. Shekara talatin yana sassaƙa turmi da akushi da itacen da yake sarowa a dajin bayan Batagarawa. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wata ƙungiyar kare muhalli ta sa aka kewaye dajin da waya. Ɗansa Salahuddeen ne sakatarenta.

Wata ranar Alhamis Malam Dabo ya je ya same shi can dajin. Ya tarar da matasa cikin korayen riguna sun yi sahu gaban dashen itatuwa, hannuwa sama, suna rantsuwa za su kare Uwa Duniya. Aka kira la'asar a gari, babu wanda ya motsa.

Da suka gama, ya ja ɗansa gefe ya ce, "Busasshen icce nake so, wanda ya mutu da kansa."

"Baba, ko busasshe ba a taɓawa. Zunubi ne ga duniya."

"Zunubi? Allah ya ba mu icce amana, mu amfana ba tare da ɓarna ba. To, naku zunubin wa ke yafe shi?"

Salahuddeen ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu kowa, Baba."

Malam Dabo ya koma gida a ƙafa. Kafin damina ya rufe rumfar sassaƙarsa. Salahuddeen yakan zo gaisuwa, amma ya daina cin tuwon mahaifiyarsa, domin da itace take dafawa.