Sha'aban Ya Sallami 'Yan Amshi

Raina abokan aiki mugun ciwo ne, kuma shi ya kama Sha'aban, mawaƙin manoma na Zango. Allah ya ba shi murya siririya mai tashi sama. In ya ɗaga ta a gona, har matafiya a hanyar Baure suna jiyowa.

Ran kasuwa wani direba ya nuna masa bidiyo a waya: wani mawaƙin ƙasar Fotugal cikin baƙar kwat, shi kaɗai gaban jama'a, yana jan murya har jijiyar wuya ta miƙe.

"Ina 'yan amshinsa?" in ji Sha'aban.

"Wannan ai shi kaɗai ake tafa wa," in ji direba.

Da la'asar Sha'aban ya tara 'yan amshinsa. "Gobe gayyar Sarkin Noma, ni da makaɗi mun isa."

Auta, ƙanen mahaifinsa kuma babban ɗan amshi, ya dube shi. "Ɗana, don ado ake amshi? Sa'ad da muke karɓa, sa'an nan kake haɗiye yawu ka ja numfashi."

"Baba Auta, huhuna ya ishe ni. Ku huta."

"Baturen naka a rana yake wuni?"

Sha'aban ya yi dariya ya tashi.

Da safe manoma suka jeru, su Auta ma suka zo da garmarsu kamar kowa. Sha'aban ya buɗe murya, ƙasa ta dinga tashi. Amma ganga ta saba barin gurbin amshi, duk gurbin da ta bari kuwa shi ke cikewa. Da hantsi murya ta fara karcewa. Ya kurɓi ruwa, ya ƙara matsa mata. Kafin azahar ya buɗe baki, sai iska.

Garemani suka tsaya, ga rabin gona ba a taɓa ba.

Sarkin Noma ya dubi wani daga cikin manoman ya ce, "Mansur, ajiye garma ka ja mana waƙa."

Mansur ɗin nan muryarsa kamar ta tsohon bunsuru, amma da ya jefa baiti, su Auta suka karɓe. Aka gama gona kafin la'asar.

Sha'aban kuwa, murya ta dawo bayan girbi, amma ba ta ƙara hawa inda take hawa ba. Gayyar Sarkin Noma ta koma hannun Mansur. 'Yan amshi suka bi shi, makaɗi ma ya bi 'yan amshi.