Dogon Gilashin Kimaro

"Wannan na ɗaukar hoton yara ne ko na harbin giwa?" Shayo, shugaban layinmu, ya tambaya yana jujjuya gilashin kyamarar. Tsawonsa ya kusa kamu guda.

Kimaro na zaune a bakin gado, kumburarrun ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi. Mata uku sun tare ƙofa. Ni ina bayansu, kamar wanda hanya ta biyo da shi, alhali ni na kai ƙarar.

Shekara talatin Kimaro yana ɗaukar hoton yaran layin nan a filin da ya raba gidansa da nawa, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Da gajeren gilashi yake aiki, a durƙushe cikin ƙura, yara na hawa bayansa. Bana sai ya daina fitowa. Ya je Arusha ya dawo da wannan dogon abu, ya kafa shi a taga, bayan labule. Tun rasuwar matata Eliaichi ba ni da aiki sai karatu da lura, kuma littattafai ba su koya mini kyautata zato ga mutumin da ke bayan labule ba.

"Baba, me ya sa sai a ɓoye?" in ji Maman Upendo.

"Ke ce mai tambaya? Ke da kika cije ni a filin nan da haƙoranki biyu?" Ya yi dariya, tari ya katse shi. "Gwiwa ce ta ƙi, 'yata. Gajere sai ka shiga cikinsu, ka sauka daidai tsayinsu. Dogon kuwa daga nan yake jawo mini su, ya fito da yaron tar, abin da ke bayansa ya zama dishi-dishi. Gajere ba ya barin kowa, har kazar maƙwabta sai ta fito."

"Labulen fa?" Shayo ya ce.

"Yaro in ya hango kyamara daga nesa sai ya bar wasa ya ƙame kamar ɗan sanda."

"Amsa a shirye," na ce. "Mai gaskiya yakan ɗan yi in'ina."

Ya leƙo ta tsakanin matan. "Malam Lyimo, ashe kana nan. Wane littafi ne ya faɗi haka?"

"Wanda babu hotuna a cikinsa."

Shayo ya naɗe gilashin a jarida ya tafi da shi, wai sai an yi bincike. A layinmu bincike shi ne a ajiye abu a saman kabad.

Ranar Asabar da hantsi na ga Kimaro ya fito da sanda, tsohuwar kyamarar a wuya, gajeren gilashin a bakinta. Taku arba'in ne zuwa filin, ya tsaya hutawa sau uku. Yaran na buga ƙwallon tsumma. Ya jingine sandar, ya durƙusa. Na ce a raina, to ga gwiwar ta yarda. Ya daɗe yana ɗauka. Da ya gama ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya kife a gefe. Masu sayar da ayaba ne suka ɗauke shi.

Ranar Alhamis ya cika. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, ko ya fita ko bai fita ba. Na riƙe maganar likitan da hannu biyu.

Bayan an binne shi, 'yarsa Aika ta bi gida gida da ambulan na hotuna, kowanne da sunan uwar yaro a rubuce da hannunsa. Maman Upendo ta buɗe nata a tsakiyar titi, ta koma cikin gida da shi. Shayo ya dawo da gilashin, har yanzu a cikin jaridar.

Aika ta ƙwanƙwasa tawa ƙofar.

"Ba ni da yaro," na ce.

"Ya ce in wanke hotunan ranar Asabar, na ƙarshen naka ne, Baba."

"Me kuma ya ce?"

"Ya ce kai mai lura ne, za ka gani."

Na sa tabarau. Yara biyar ne, bakuna a buɗe, ƙwallon a sama, ba wanda ya kalli kyamara. Bayansu bishiyar mangwaro, bayanta gidana, komai ya fito. A tagar ɗakina labulen da Eliaichi ta ɗinka ya ɗan ɗage, ga yatsu huɗu riƙe da gefensa, da rabin fuska.