Dunya Huɗu a Saman Kabad

"Gwaggo Zumreta, duwatsu kika zuba a jakar nan? Bayan nan nawa fa guda ɗaya ne, kuma da shi zan tuƙa har Austriya."

Refik direba ke nan, yaron da na sha share wa majina, yau shi ke yi min ƙorafi a bakin titi.

Na ce, "Ɗauki ka saka, sai ka ce ba ka karya ba. Kwalabe ne. Ka fasa min ɗaya, uwarka zan kai wa ƙara."

Ba wani abu ba ne mai yawa. Kwalba uku na shipak, jajayen 'ya'yan ƙayar nan na bayan gari, da na jira sai da sanyin farko ya daskare a kansu kafin na tsinka, don kafin nan tsami kawai gare su. Hannuna har yanzu duk karce. Sai jan man shafawa na furen kantariyon da ya yi kwana arba'in yana shan rana a taga. Busasshen furen bishiyar lipa na shayi, cikin tsohuwar rigar filo. Safar ulu ƙafa biyu. Da wani ɗan ƙulli a hankici, wanda na ce ya sa a aljihunsa.

Ya leƙa jakar. "Bana babu dunya? Gara ma. A kan iyaka ɗanyun 'ya'yan itace suke fara nema. Bara a ƙarƙashin kujerata na ɓoye miki su, ina ta salati."

"Bana babu."

Ya dube ni, ni kuma na gyara ɗankwalina na kama hanyar gida.

Bishiyar dunyar tana gefen rijiyarmu. Hajro, maigidana, shi ya dasa ta shekarar da na haifi Nermina. Da Nermina ta haihu can Graz ta Austriya ta kira ta ce, "Inna, mace ce, Dunya muka sa mata." Ranar sai da na yi sujjada a tsakar kicin. Yarinyar yanzu shekararta biyar. Sau ɗaya ta zo gidan nan, tana jaririya, ba ta san komai ba.

Bara na zaɓo manya guda goma, rawaya kamar ɗorawa, da gashinsu a jiki ban goge ba, na aika. Nermina ta kira ni a wayar nan mai hoto don in ga isarsu. Kafin a ankara yarinya ta ɗauki ɗaya ta gartsa. Fuska ta yamutse, ta tofar, ta fashe da kuka, ta ce wani abu da Jamusanci.

Na ce, "Me ta ce?"

Nermina tana dariya ta ce, "Wai tuffar Nana ta lalace."

Nana ni ke nan, kakarta. Na yi dariya ni ma. Da aka kashe waya na shiga wurin saniya na daɗe ban fito ba. A ƙauyen nan ko ɗan yaye ya san ba a cizon dunya ɗanya. Tauri gare ta kamar ice, ta ɗaure maka baki. Ɗora ta ake yi a saman kabad, a bar ta. Idan aka hura murhu ɗaki ya ɗumama, sai ƙamshin ya sauko ya shiga barguna da rigunan salla, har tsakiyar hunturu. Ga yarinya tana yawo da sunan, ba ta taɓa shiga ɗakin da ke wannan ƙamshi ba.

Daga baya na tambayi Nermina ko ta ɗora sauran a kabad. Ta ce, "Inna, kabad ɗinmu a jikin bango yake, ya kai rufi. Ba shi da sama. Firij na sa su."

Firij. Allah na tuba.

Bana kuma sanyi ya doki furen tun farkon shekara, guda biyar rak bishiyar ta ba mu. Na jera su a saman kabad ɗin ɗakin Nermina. Shekaranjiya da na ji yarinyar tana tari a waya, na sauko da ɗaya na yanka, na cire ƙwayoyin na shanya. Su ne a aljihun Refik. Saura huɗu.

Na iso gida na yi azahar, na ƙara ice a murhu, na zauna shafa wa Hajro jan mai a gwiwa. Idan sanyi ya shigo gwiwar nan ita ke fara sanar da mu.

Ya ce, "Tsohuwa, na gano ki. Kin hana su dunya don ki jawo su da hanci, yadda ake jawo akuya da gishiri."

"Miƙo ɗaya ƙafar."

"Hanci daga Graz? Ai ko karen Refik bai kai nan ba."

"Hajro, mai ne a hannuna, kuma idonka a buɗe yake."

Ya miƙo ƙafar. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Dunyar gefen taga ta fara tabo. Na gani da safe."

Ashe shi ma yana shiga ɗakin. Da wannan gwiwar yake hawa benen.

Bayan la'asar na hau na kira Nermina daga can. Ta ɗauka tana saka rigar sanyi, za ta tafi aiki. A gidan kula da tsofaffi take, tana wanke iyayen wasu, tana ba su abinci a baki. Ban taɓa ce mata komai a kan wannan ba, Allah ne shaida.

Na ce, "Gobe Refik zai iso. Akwai ƙwayar dunya a hankici. Ki jiƙa a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki sa zuma. Kar ki daka, kar ta tauna. Ruwan kawai."

"Inna, likita ya ba ta magani."

"Ki ba ta na likita, ki ba ta nawa. Maƙogwaro ɗaya za su bi, ba za su yi faɗa ba."

Ta yi dariya irin ta gajiya. Sai ga fuskar yarinya ta cika wayar, hanci ja, gashi a tsaye. "Nana!"

Na taka kujera, na ɗaga wayar saitin kabad. Na ce, "Dunya, ga takwarorinki. Ba a ci, 'yar nan. Shaƙa ake yi. Haka." Na ja numfashi da ƙarfi don ta ji.

Wallahi sai yarinyar nan ta manna hancinta a gilashin wayar ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Ta ɗago ta ce da ɗan harshen namu da ta iya, "Nana, babu."

Na sauko daga kujerar a hankali, na zauna a bakin gadon uwarta. Ta taga ina hango kan dutse ya riga ya yi fari da dusar ƙanƙara.

"Inna, zan makara," in ji Nermina. Ina jin ƙarar makullai a hannunta.

Na ce, "Tsaya. Huɗu ne suka rage, ɗaya ta fara tabo. In na rage wuta a ɗakin za su kai ƙarshen wata mai zuwa, ba za su wuce ba. Ban ce ki bar aikinki ba. Kwana biyu kawai, Nermina. Ki kawo min ita ta kwana a ɗakin nan, kafin su ruɓe."