Minti Talatin da Biyar

Shekara uku ke nan Malama tana kai Umma wurin likitan ido a birnin da ke gaba da nasu. Kilomita ɗari da tamanin ne kacal, amma sai sun ci awa huɗu a hanya, saboda ramukan da kowa ya haddace, ba wanda ya cike ko ɗaya. In ta yi mita a ce mata ai haka aka saba. Wannan maganar ta fi ramukan ƙona mata rai.

Sai ga Auta, ƙanwarta, ta samu aikin sayar da tikiti a wani kamfanin jirgin sama. Wata biyu da farawa ta shigo falo tana kaɗa takarda.

"Umma, wannan karon ta sama za mu. Minti talatin da biyar."

Malama tana maka jan biro a takardun lissafin ɗalibanta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki haɗa da zuwa filin jirgi da zaman jira. Lissafi ba a yi masa kwalliya."

"Yaya, ke dai so kike Umma ta isa ƙasusuwanta na ƙara kamar akwalar motarki."

Umma ta yi dariya har da tari. Mako guda tana bin 'yan'uwa a waya: "Autata za ta ɗora ni a jirgi." Sau goma sha biyu Malama ta kai ta a mota, ba a taɓa buga wa kowa waya ba.

Katin asibitin Umma kuwa a aljihun gaban motar Malama yake zama. Tun zuwansu na farko akawun asibitin ya ja musu kunne: ba kati, ba ganin likita. Ranar tafiya da safe suna haɗa jaka Malama ta tuna da shi. Ta riƙe wa Umma ƙofar tasi, ta gyara mata mayafi, ta yi musu a sauka lafiya, ta ja bakinta ta yi gum.

Awa guda tana zagaye falo kafin ta ɗauki makulli. Ta ce wa kanta tausayin tsohuwa ne. Amma abin da take hangowa a gilashin mota daban ne: Auta a gaban akawu tana zazzage jaka, ido ya raina fata, Umma kuma ta waiwayo ta ce, "Da yayarki ce da ba a yi haka ba." Wayarta na gefe, ba ta taɓa ta ba. A rabin hanya wata babbar mota ta kafe a rami, ta ƙara mata minti arba'in.

Ƙarfe ɗaya ta wuce ta shiga asibitin da katin a hannu. Suna zaune a benci, Umma sanye da baƙin tabarau, alamar an riga an ɗiga mata magani.

"Yaya? Lafiya?"

"Kun manta kati."

"Au, ai sun daina. Lambar waya kawai akawun ya tambaya. Kan wannan kika taso?"

Umma ta laluba ta kamo hannun Malama. "Ke, ashe gajimare kamar auduga yake ta sama. Ruwan da suka ba ni ban shanye ba aka ce mun iso."

"Motar na waje, Umma. Na sa miki matashinki a gaba."

"Ai tikitin zuwa da dawowa ne," in ji Auta, tana duba agogo. "Ƙarfe uku za mu tashi."

Ita ta kai su filin jirgin. Umma ta fita tana dafe da kafaɗar Auta, sannan ta sunkuyo ta taga.

"Ki bi a hankali, kin ji? Kafin ki iso mun gama girki."

Malama ta ajiye katin a kan matashin, ta juya kan motar.